Gidan Lorinda Babu Aji

Duk wanda ya shigo garinmu na Wendal, a yammacin jihar Kansas, ya tambayi gidan Lorinda Voth, kafin a nuna masa hanya sai an tambaye shi ko lafiya. Ba don muguwa ce ba. Idan aka yi haihuwa ko rasuwa, tukunyar miyar wakenta ce ke fara isa gidan, tare da burodin da ta gasa da hannunta. Abin da ke akwai shi ne, mace ce da ba a tanƙwara ta. Ko fasto ne ya ce a buɗe waƙa kaza a coci, sai ta duba ta ga ko ta dace da ranar kafin ta buɗe baki. Mijinta Garland, manomin alkama da dawa, mutum ne mai sanyin hali, kuma ya daɗe da gane cewa gardama da ita ɓarnar yawu ce. Da ya ga ta kafe, sai ya ɗauki hularsa ya ce zai je ya duba tarakta, ko da kuwa taraktar lafiyarta ƙalau.

Ba da wannan taurin kai aka haife ta ba, kuma waɗanda suka yi makaranta da ita sun san inda ya samo asali. Tana aji uku karatu ya ƙi ta. Lissafi kam kamar shan ruwa yake a wurinta, amma haruffa sai su riƙa yi mata rawa a kan takarda. Da shekara ta ƙare aka ce ta maimaita. Sa'o'inta suka wuce aji huɗu, ita ta zauna cikin ƙannen bayanta, ga ta zanƙaleliya, gwiwoyinta ko shiga ƙarƙashin tebur ba sa yi. Yara ba su da tausayi, nan da nan suka laƙaba mata Kakar Aji Uku. Sunan ya bi ta har sakandare, bayan karatun ya zauna mata daram, har ta fi masu tsokanar tata cin littafi. Yaran ta yafe musu tuni, don yara ne. Abin da ba ta taɓa yafe wa ba shi ne kalmar nan, aji.

Saboda haka ranar da babbar 'yarta Tilda ta isa shiga makaranta, motar makaranta mai ruwan ɗorawa ta tsaya a bakin hanyar gonarsu ta danna hon, Lorinda ta fito riƙe da hannun yarinyar, ta ɗaga wa direba hannu ya wuce. Gari ya ɗauka. Surukarta ta ce za a mayar mata da jikoki 'yan daji. Matan coci suka riƙa tambayarta cikin murya mai zaƙi, wai ina yaran za su koyi zama da mutane? Ta ce ai ita ta koyi zama da mutane a makarantar, ta san irin zaman. Daga nan masu tambaya suka ragu, masu gulma suka ƙaru, ita kuwa ko a jikinta.

Makarantar tata teburin kicin ce. Ɗalibai uku: Tilda mai shekara goma sha ɗaya, Amos mai tara, sai auta Boaz mai shida. Doka ɗaya ce a gidan, ba a tambayar kowa ajinsa, domin babu. Kowa yana tafiya inda ƙafarsa ta kai shi. Tilda ta gado uwarta a lissafi, har ta shiga littafin da 'yan aji bakwai ke kuka da shi a cikin gari, amma rubutunta sai addu'a. Amos ba ya iya zama, don haka a tsaye yake haddace sau-sau yana buga ƙwallo a jikin bango. Boaz a ƙarƙashin tebur ya koyi baƙaƙensa, kansa a kan cikin karen gidan. Idan saniya ta tashi haihuwa da hantsi, sai a rufe littattafai a koma garke gaba ɗaya, Lorinda ta ce darasin yau ke nan. Wasu ranakun abin yakan tafi lami lafiya, wasu kuma ta kulle kanta a ɗakin wanki ta ci kukanta, ta wanke fuska ta fito. Wannan ba ta bari kowa ya sani ba sai Garland.

Amsar da ta bai wa masu cewa ta ɓoye 'ya'yanta ita ce wasanni. Gasar yara ta gundumarmu a buɗe take ga kowa, don haka ta zuba su duka. Amos kokawa, Boaz ƙwallon ƙafa da bazara, ko da yake rabin wasan yana tsugune yana kallon tururuwa, Tilda kuma ƙwallon kwando. Ƙaramar bas ɗinsu ta zama gida na biyu, kullum tana warin safa da ɓawon lemo. Duk Asabar tun da sassafe Lorinda na kan hanya daga wannan gari zuwa wancan. A wurin kallo kuwa alƙalan wasa sun san muryarta kamar yadda suka san usur ɗinsu. Akwai wanda ya taɓa korar ta daga zauren wasa, ta fita ba musu, ta zagaya ta ci gaba da yi masa gyara ta taga.

Tilda ta ɗauko tsawon uwarta, amma ba ta ɗauko bakinta ba. Yarinya ce shiru-shiru, sai ta yini ba ta yi maganar kirki ba. Garland ya kafa mata kwando a bangon sito, nan take yini idan an tashi daga karatu, ko da ƙanƙara ta rufe tsakar gida sai ta share wurin tsayuwa. A cikin ƙungiyar 'yan mata ta rukunin aji biyar ne kawai ake jin dariyarta. Nan ta yi ƙawaye, nan ake kiran sunanta da ƙarfi ba don a aike ta ba. A wannan shekarar kuma ƙungiyar Wendal, wadda ta saba zama abin dariya a gundumar, ta ci wasan kusa da ƙarshe. Saura wasa ɗaya, Asabar mai zuwa, su ɗauki kofi. Tilda ba ta faɗa ba, amma kowa a gidan ya san babu abin da take so a duniya kamar wannan Asabar ɗin.

Bayan wasan kusa da ƙarshen, kamar yadda aka saba, ƙungiyoyin biyu suka jeru suna tafawa. Kocin waɗanda aka cinye, wata Misis Pratt daga garin Marlo, mace mai ɗaurarren gashi da ɗaurarriyar fuska, ta riƙe hannun Tilda ta ɗaga kai ta dube ta.

"Ke 'yar nan, ajinki nawa?"

Duk yaron da ke ƙasar nan, ko daga barci ka tashe shi, zai amsa wannan tambayar kafin ya buɗe ido. Tilda kuwa sai da ta tsaya ta yi tunani, tsakaninta da Allah.

"A wane darasi?"

"Kamar yaya a wane darasi?"

"A lissafi littafin aji bakwai nake yi. A rubutu kuma Mama ta ce a bar zancen tukuna."

Misis Pratt ba ta ji komai ba sai bakwai. Kafin mutane su gama ɗaukar rigunan sanyinsu, ta kai ƙara wurin shugaban gasar, Verlin Ratzlaff, mai shagon abincin dabbobi. Verlin mutumin kirki ne, matsalarsa ɗaya, yana son kowa ya rabu da shi lafiya. Kuma yana cikin waɗanda suka wuce aji huɗu suka bar Lorinda a baya, ita ma ba ta manta ba. Ya nufo ta yana murza hularsa a hannu.

"Lorinda, zo mu ɗan koma gefe."

"Faɗa a nan. Ban yi sata ba."

"An kawo ƙara. Wai Tilda 'yar aji bakwai ce kuka sa a rukunin biyar."

"Shekararta sha ɗaya. Matarka ce ta kawo min bargo ranar da na haife ta, je ka tambaye ta."

"Na sani. Amma dokarmu ba shekara ta tambaya ba, aji ta tambaya. Ki ce aji biyar take, Misis Pratt ta ji da kunnenta, magana ta mutu."

"Ba ta da aji."

"Haba Lorinda, kowane yaro yana da aji."

"Nawa ba su da shi. Shanu ne da za a raba su garke-garke a buga musu lamba a kunne?"

"Kalma biyu ce fa."

"In ta kalma biyu ce, kai ka faɗa mana. Kai da ka wuce aji huɗu da ganga da kalangu, ga shi har yau dusar kaji kake aunawa."

Mutanen da ke kusa suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Kunnuwan Verlin suka yi ja, amma bai ɗaga murya ba. Ya ce kwamiti zai zauna ranar Alhamis da la'asar a ɗakin karatu na gari. Idan aka faɗi ajin, Tilda za ta buga wasan ƙarshe. Idan ba a faɗa ba, hannunsa a ɗaure yake, ƙawayenta za su buga ban da ita.

Lorinda ta tattara 'ya'yanta ta fita kanta a sama. A mota Amos ya leƙo daga baya ya ce, "Mama, to ni ajina nawa?" Ta ce, "Ajin masu rufe baki." Boaz ya ce shi ma nan yake so a sa shi. Tilda na zaune a gaba, ta jingina kai da gilashi har suka isa gida.

Washegari bayan coci, yara sun fita, Garland ya tsaya a bakin ƙofar kicin yana kallon matarsa tana murza kwaɓin burodi kamar kwaɓin ne ya yi mata laifi.

"Rinda, kalma ce kawai."

"Kalma ce ta zaunar da ni shekara guda cikin jarirai. Kalma ce ta sa har na yi aure ana nuna ni."

"Ke aka zaunar."

Ta ɗago ta dube shi.

"Ke aka yi wa, ba ita ba. Ita ba ta ma san da zancen ba. Ita ƙwallonta take so."

Ta jira ya ɗauki hula ya tafi wurin tarakta. Bai tafi ba. Ya ja kujera ya zauna, ya ɗora manyan hannuwansa a kan tebur, yana jiran amsa. Tun da suka yi aure bai taɓa yi mata haka ba, sai ta rasa ta inda za ta kama faɗan. Ta ce masa burodinta zai lalace, ta juya masa baya.

Da Tilda ta yi kuka, ko ta yi bori ta buga ƙofa, da Lorinda ta san yadda za ta yi. Rigima filinta ce. Amma yarinyar ba ta roƙa ba, ba ta ko tayar da zancen ba. Da safe ta zauna ta yi lissafinta, ta yi kokawa da rubutunta, ta taya Boaz ɗaure takalmi. Da an tashi sai ta ɗauki ƙwallo ta nufi bangon sito, cikin iskar nan tamu mai yanka kunne, tana jifa tana ɗaukowa, kamar babu abin da ya faru da Asabar ɗinta. Daga kicin Lorinda na jin bugun ƙwallon a ƙasa, dum, dum, har cikin ƙirjinta. Ta leƙa ta taga ta ga doguwar yarinya ita kaɗai a tsakar gida, hancinta ya yi ja, sai ta ji tausayi ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa yarda ta ji wa kanta ba.

Ranar Laraba ta shiga akurkin kaji da kwanon tsaba, ta waiga ta tabbatar babu kowa, ta gwada faɗa. "Aji biyar." Kalmar ta fito da ɗaci. Ta sake faɗa, kaji suna kallon ta da ido ɗaya. Sai da ta maimaita har bakinta ya saba, sannan ta watsa musu tsabar ta fito. Ba ta gaya wa Garland ba, don kada ya ga ya yi nasara. Ba ta gaya wa Tilda ba, don tana so yarinyar ta ji abin a matsayin kyauta. A nan ne ta yi kuskure, ita da ke cewa ta san 'ya'yanta ciki da bai.

Ranar Alhamis ta sa rigar zuwa coci, ta bar samarin wurin ubansu, ta ɗauki Tilda. A ƙaramin ɗakin da ke bayan kantocin littattafai, Verlin na zaune tsakanin 'yan kwamiti biyu, Misis Pratt na gefe ta harɗe hannuwa. Daga ganin yadda suka zauna, kowa ya shirya wa ruwan masifa. Verlin ya yi gyaran murya, ya ce an san abin da ya tara su, yana roƙon a yi magana a hankali.

"Ba sai ka wahalar da kanka ba," in ji Lorinda. Ta miƙe tsaye, ta kafa ido a bangon da ke bayansa. "Aji biyar take."

Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ya cire tabarau ya sake mayarwa. Verlin ya sauke ajiyar zuciya, ya ce to madalla, ya fara tattara kayansa kafin wani ya canza shawara.

"Dakata," in ji Misis Pratt. "Daga bakin uwar muka ji. Yarinyar ce ta ce min bakwai, ita za a tambaya."

Verlin ya juya ga Tilda, ya sassauta murya, har yana gyaɗa mata kai don ya nuna mata hanya.

"Tilda, 'yata, aji biyar kike, ko ba haka ba?"

Tilda ta dubi uwarta. Lorinda, wadda ba ta taɓa roƙon kowa komai a garin nan ba, ta roƙi 'yarta da ido. Yarinyar ta daɗe tana kallon ta, kamar ta ga baƙuwa sanye da rigar uwarta. Sannan ta miƙe, sai ga ta kusan kai ɗaya da Lorinda.

"A'a, yallaɓai."

"Na'am?"

"Ba ni da aji. Shekarata sha ɗaya. Lissafina na bakwai ne, rubutuna na huɗu. In kun ga dama ku haɗa ku raba biyu."

Mai tabarau ya yi lissafin a ransa, ya ce "biyar da rabi" a hankali, dariya ta kuɓuce masa, ya mayar da ita tari. Verlin bai yi dariya ba.

"Yarinya, ki taimake ni in taimake ki. Kin san abin da zai faru in ba ki faɗa ba?"

"Na sani."

"Ƙawayenki suna jiran ki ranar Asabar."

Idanun Tilda suka ciko, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Ba zan faɗi abin da ba haka yake ba don a ba ni ƙwallo."

Verlin ya dubi na dama, ya dubi na hagu, babu wanda ya cece shi. Ya ce ya yi iya ƙoƙarinsa, doka ta ce aji, kuma mai wasan da bakinta ta ce ba ta da shi. Tilda ba za ta buga ba. Ya ce baɗi zai nemi a mayar da dokar ta koma kan shekara, kamar baɗi na da wani amfani ga yarinyar da Asabar ɗinta jibi ce. Ita kanta Misis Pratt ta kwance hannuwanta, ta rasa inda za ta sa ido. Kowa ya jira Lorinda ta wanke su tas. Ta kama hannun 'yarta suka fita.

Sai da suka shiga mota aka rufe ƙofa sannan Tilda ta fashe. Kuka take yi da dukkan jikinta, irin wanda rabon da ta yi tun tana goye, ta haɗa goshi da gwiwa tana shessheka. Lorinda ta riƙe sitiyari da hannu biyu ba ta tayar da motar ba. Ranta ya kasu. Alfahari ya cika ta har wuya, baƙin ciki kuma yana cin ta, domin ta san ba Verlin ne ya raba yarinyar nan da wasanta ba, ba kuma matar Marlo ba ce. Ita ce ta yi shekara da shekaru tana shuka abin nan a teburin kicin, yau ya nuna, kuma 'yarta ce ta girbe shi.

"Don ke na faɗa," ta ce.

"Na sani."

"Ko ba kya son wasan ne?"

"Ina so, Mama. Ina so kamar in mutu."

"To don me?"

Tilda ta ɗago, ta share hanci da hannun rigarta.

"Da kika faɗa, sai na ji kamar ba ke ba ce. Kar ki sake."

Lorinda ta juyar da fuska wajen taga. Wata tsohuwa ta fito daga ɗakin karatun rungume da littattafai, ta ɗaga musu hannu, babu wanda ya mayar.

"Asabar sai mu yi zamanmu a gida," in ji Lorinda da ƙyar. "Ba sai kin je kin gani ba."

"Za mu je. A benci zan zauna, kusa da koci, inda kowa zai gan ni. Duk wanda ya tambaye ni me ya hana ni wasa, zan gaya masa."

Lorinda ta laluba makulli, sai a karo na biyu ta samu ramin. Ta tayar da motar, ta dubi 'yarta ta ce ta ɗaura bel ɗin kujera.